Kwamin Barewa a Bayan Mota

Jama'a manoma da makiyaya, labarin wannan wata daga arewacin Dakwaro ya fito, can inda gonaki suke ƙarewa daji ya soma. Labarin wani mutum ne da aka ɗora wa aikin zaɓen kwami. Mai karatu zai ce, to mene ne abin labari a zaɓen kwami, alhali kowane bakin rijiya akwai shi? Wannan kwamin ba na shanu ba ne, ba kuma na awaki ba. Kwami ne da za a ɗaura a bayan mota, a cika shi da hatsi, a shiga daji ana watsa wa barewa har ta saba, sa'an nan a dawo a halbe ta.

Ba a ƙasar nan aka ƙago abin ba. A Amurka, musamman a jihar Tekzas, mahalba suna da wani akwatin ƙarfe mai gindi kamar mazurari, wanda ake maƙalawa a bayan mota. Ana zuba masa masara, kamar kilo 20 zuwa 45. A ƙarƙashinsa akwai ɗan faifan ƙarfe wanda batir yake juyawa. Direba yana zaune cikin mota sai ya danna maɓalli, faifan ya juya, masara ta watsu a kan hanya hagu da dama. Dabbar da suke yi wa wannan dabara tana kama da barewa, sai dai ta fi ta girma, namijin kuma ƙahonsa rassa gare shi kamar itace. Wasu jihohinsu sun yarda da irin wannan farauta, wasu sun hana. Amma ga abin da ya kamata a riƙe. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da dabbar nan, abin da ya rage bai wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. Sai aka kafa doka mai tsanani, kowane mahalbi da takardarsa, da lokacinsa, da iyakar abin da zai kashe. Yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30, har tana shiga gonaki tana ɓarna, motoci suna karo da ita da dare. Wato su can yawa ne ya dame su.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi ya ga hoton abin nan yana aiki a salularsa, ya shiga ransa. Yana da abokan ciniki da suke zo masa daga nesa, masu son fita daji da bindiga, kuma ba ya so ranar da ya kai su su dawo hannu rabbana. Sai ya aiki direbansa Dakwaro, ya nemo masa wanda ya san daji ya kuma san aikin hannu.

Duk wanda direban ya tambaya, mutum guda ake nuna masa. A nan za a kira shi Ɗan Baka, don ubansa ne Sarkin Bakan garinsu, wani ƙauye da ke kusa da kwarin Tarka. Shekarunsa sun kai 45. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana yaro yake bin tsohonsa daji, ya san sawu, ya san iska, in ya ga kashin dabba zai gaya maka jiya ta wuce ko shekaranjiya. Amma bakan ya daɗe a rataye. Abin da yake ci da shi yanzu amalanken jaki ne, yana ɗaukar ruwa da harawa da buhunan mutane zuwa kasuwa. Gonarsa jigawa ce, daminar da ta gabata kuma ta yanke da wuri, kafin ɗari ya fita rumbunsa ya nuna gindi. Mutum 9 ne suke ci daga hannunsa.

Direban ya same shi bakin rijiya, ya nuna masa hoton, ya ce:

"Kawu, Alhaji ya ce ba shi son abin kwana biyu. Shi dai mai ƙarko, wanda za ya sha rana shi sha gargada, shekara 5 bai motsa ba. Ga jika 60 kafin alƙalami. In aiki ya yi kyau akwai jika 90, kuma kai za ka riƙa shiga da mu daji, kowace fita da ladanta."

Ɗan Baka ya kalli hoton sau uku, ya karɓi kuɗin. Ran nan da marece jika 25 suka zama hatsi a gidansa. Wanda bai taɓa ganin gindin rumbu a watan Maris ba, shi ne zai yi saurin zarginsa.

Da fari hankalinsa ya tafi ga itace, don shi ya sani tun tasowarsa. Ya je wurin wani tsohon masassaƙi suka zauna. A cikin itatuwa babu kamar kirya wajen ƙarko. Gara ba ta cinta, ruwa ba ya ruɓar da ita, turmin kirya uwa ce take bar wa ɗiyarta. Amma ina kiryar? Sai an yi kudu da nisa, kuma wadda za ta ba da kwami mai faɗi ta yi wuyar gani. Saura gawo da danya, su kuwa suna cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ko da an samu izinin, kwamin itace ɗan bakin rijiya ne, kullum yana son jiƙo. A ɗora shi a mota ya yi kwana 10 a rana babu ruwa, sai ka ji ya yi ƙara, ya tsage daga kai har gindi. Ga nauyi, ga shi ba ya karɓar murfi. Masassaƙin da kansa ya ce masa ya tafi wajen masu ƙarfe.

Masu ƙarfe kuwa, abin da kowa yake fara nunawa tano ne. Tano yana cin lita 200, yana da araha, ana samunsa a kowace babbar kasuwa. To, amma tano suna ne guda, hali daban-daban. Ɗan Baka ya yini a rumfar masu tano a Dakwaro, yana ƙwanƙwasa su ɗaya-ɗaya kamar mai sayen tukunya. Mai kauri amsawa yake yi can ciki. Wanda tsatsa ta ci, ko an shafe shi da fenti yana ƙyalli, muryarsa a dushe take. Yana kifa kowanne ya duba ɗinkin gindi, don nan ruwa yake kwana, nan kuma ɓula take somawa. Sa'an nan ya buɗe ya sa hanci. Wannan shi ne babba. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin fara ko maganin ƙwarin gona, mai zanen ƙoƙon kan mutum a jikinsa, ba ya wankuwa. Ko an wanke shi da toka, ko an ƙona cikinsa, ba a sa abincin dabba a ciki, balle na mutum. Jama'a, a kula da wannan ƙwarai, don akwai gidajen da suke ajiye ruwan sha a irinsa. Wanda ya ɗauki fetur kuwa, sai an cika shi da ruwa kafin a kai masa wuta ko abin yanka. In ba haka ba, tururin da ya rage yana iya fashewa da mai aikin.

Ya samu guda mai kyau, wanda man girki ya zo a ciki, har sun soma ciniki. Sai ya tuna da wani abu ya fasa. Kaurin tano kamar milimita 1 ne kawai. Alhaji kuma ya aiko a riƙa gauraya hatsin da kanwa da gishirin Bilma, don ya ji an ce dabba tana bin gishiri. Kanwa da gishiri abokan gaban ƙarfe ne. Da sun samu laima kaɗan sai su shiga cinsa, damina biyu ta isa gindin ya zama rariya.

Daga nan ya juya ga shuɗin tanon roba. Shi ba ruwansa da tsatsa, ba shi da nauyi, murfinsa kuma yana da zoben ƙarfe da yake matse shi, ƙura ba ta shiga. Aibinsa biyu ne. Rana tana gasa shi a hankali har ya yi fari-fari ya soma ɓarewa kamar tsohuwar ƙwarya, ɓera kuma yana iya huda shi in ya ji ƙanshin hatsi. Na farko maganinsa rufi, ko da tsohon buhu ne ko tabarma. Na biyu maganinsa kada a bar hatsi yana kwana a ciki. Wannan ya saya.

Mai waldar da ya zaɓa saurayi ne, a Maraɗi ya yi koyo, hannunsa da kyau amma yana da gaggawa. Shi so yake ya narka komai ya haɗe da jikin motar a wuce wurin. A nan suka yi gardama ta kwana biyu.

"Baba, in na ɗinke shi da wuta, ko giwa ba ta ɓalle shi."

"Ba giwa nika tsoro ba, ɗana, hanya nika tsoro. Ka taɓa zuwa Bermo a bayan mota?"

Ɗan Baka ke da gaskiya. Walda ba ta jin tsoron nauyi, girgiza take tsoro. Hanya mai gargada tana kaɗa ƙarfe sau dubbai a tafiya guda, sai tsaga ta fito a gefen ɗinkin, siririya kamar gashi, ba mai ganinta sai ranar da abin ya faɗo. Kuma a tsakiyar daji babu wutar walda. Don haka suka ƙera wa tanon gado na ƙarfe mai kusurwa, wanda za a ɗaure da jikin mota da kusoshi masu zare, kowace da noti biyu, a sa yankin tsohuwar taya tsakanin ƙarfe da ƙarfe don ta shanye girgiza. Abin da aka ɗaure da noti, ko ya saki, sifana guda ta ishe shi.

Da direban ya kawo motar aka zo gwaji, sai wata gardamar ta tashi. A hoton Amurka akwatin yana rataye ne can a wutsiyar mota, daga waje, direban kuma ya ce haka Alhaji yake so. Ɗan Baka ya ce nan ba za ta yiwu ba. Tanon cike da gero yana cin tiya 60 da ɗoriya, wato ya fi buhu ɗaya da rabi. A rataya wannan nauyi a wutsiya a shiga rairayi, gaba zai ɗaga, baya ya nutse, a yini ana tono. Sai dai ya zauna a ciki, daidai kan ƙafafun baya, a jawo bututu zuwa waje. Haka aka yi.

Saura faifan. Suka ciro ɗan injin fanka daga wata matacciyar mota suka haɗa da batir. Ranar gwajin farko, tun kafin a kunna, gero ya tsiyaye ƙasa kamar ruwa, don ƙwayarsa ba ta kai ta masara ba, ƙofar da za ta riƙe masara ba ta riƙe gero. Kajin unguwa suka yi biki. Sai aka yi masa ƴar ƙofa mai zamewa, da igiya har wurin direba. Injin kuma aka ɗinka masa riga da robar cikin taya, don ƙurar bazara in ta samu hanya ba ta barin inji da rai.

Ɗan Baka ya ƙara da wani abu da ba ya cikin hoton, wato kwamin ajiyewa a ƙasa. Ya je wajen masu takalmin taya ya nemi tayar babbar mota, mai zare a ciki ba mai waya ba, don mai waya ba ta yankuwa da wuƙa kuma bakinta yana yanka leɓen dabba. Aka raba ta biyu ta tsakiya, kowane rabi ya zama kwami zagayayye. A cikin duk abin da aka ƙera, wannan ne ya fi araha, shi ne kuma ba a san abin da zai kashe shi ba. Ba ya tsatsa, ba ya tsagewa, a jefo shi daga mota ya yi tsalle ya zauna, jaki ya taka shi ya koma daidai.

Mako 3 aka yi ana wannan aiki. A faɗi gaskiya, aikin ya yi wa Ɗan Baka daɗi. Ya daɗe ba a nemi shawararsa ba, sai dai a ce masa ɗauki kai can. Yanzu ga mutane suna tsayawa a rumfar walda suna kallo, shi ne mai cewa a yi a bari.

A cikin masu tsayawa har da wani ma'aikacin gandun daji, yaro matashi, wanda ya kawo baburinsa gyara. Ya zagaya abin ya tambayi na mene ne. Mai walda ya yi saurin cewa na watsa iri ne a gona. Ma'aikacin ya ce lalle gonar tana da faɗi. Ya hau baburinsa, kafin ya tayar ya ce, kamar mai magana da iska, doka ta hana halbi daga cikin mota. Haka ne kuwa. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta ce farauta sai da takardar izini, kuma a lokacin da aka buɗe ta. Ta hana farauta daga kan mota, ta hana ta dare ko da fitila ko babu, ta hana guba da makaman yaƙi. Cikin gandun Gadabeji kuwa babu farauta ko kaɗan. Ɗan Baka ya san duk wannan. Ya san kuma in aka kama mota a daji, mai ita yana da wanda zai kira a salula, ɗan jagora ba shi da kowa.

Daren Juma'a ya koma ƙauye ya shiga bukkar tsohonsa. Sarkin Baka ya haura shekara 80, idon ya tafi amma kunne garau. Ɗan ya kwashe labarin abin da suka ƙera ya ba shi, da alfahari, har da yadda faifan yake juyawa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Gero? Barewa za ku ba gero? Yaro, wa ya ce maka kaza ce?"

Barewar arewa ba irin dabbar Amurka ba ce. Ƴar ƙarama ce, nauyinta bai cika wuce kilo 20 ba. Tana iya yin wata da watanni ba ta sa baki a ruwa ba, abin da take samu a ganye da guna da raɓar asuba ya ishe ta. Tana tsinkar ganyen kandili da aduwa da jiga, ta ɗanɗana nan ta ɗanɗana can, ba ta tsayawa wuri guda kamar akuyar turke. Kuma ƙarar mota a wurinta ba kiran abinci ba ce, don kakanninta da mota aka kashe su.

"Abin da za ya zo ma geronku," in ji tsohon, "zabin daji ne da kurciya da ɓera. Bayansu awakin Fulani da na Buzaye. Ranar da akuyar mutane ta ci gero ta kumbura ta mutu, ko baƙonku ya halbe ta cikin duhu, kai aka sani, ba a san Alhaji ba."

Sai ya yi shiru mai tsawo. Can ya rage murya ya faɗi abin da barewa ba ta iya wuce shi a tsakiyar bazara, da irin wurin da ake ajiye shi, da lokacin. Ba za a rubuta shi a jarida ba. Ya ce: "Kai ma ka sani, ni na koya maka. Amma in kun yi haka da mota da bindigar zamani, rani biyu kun gama da wanda ya rage."

Wanda ya rage ɗin ba shi da yawa. Mutanen da suka haura shekara 70 a ƙasar nan sun ga abin da yaran yanzu suke ɗauka tatsuniya ce. Arewacin Tarka akwai jimina, akwai raƙumin dawa, akwai mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, ga barewa garke-garke. Saboda irinsu aka keɓe gandun dajin Gadabeji a 1955, hekta 76,000, wanda tun 2011 yake cikin gundumar Bermo. Mahalbin da ya ɗaura kan burtu ya yi rarrafe rabin yini, ko ya kwana a bago, kibiya guda yake da damar saki. In ya kuskure sai gobe. Irin wannan farauta ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta ƙarar da daji ba, kuma masu ɗora wa mahalban gargajiya laifin duka ba su yi musu adalci ba. Abin da ya ƙarar da daji a jere ya zo. Mota da bindiga suka shigo, a bi garke a fili har numfashinsa ya ƙare. Rijiyoyin siminti da fanfuna suka sa dabbobin gida suna shekara inda da ba su zuwa sai da damina. Gonaki suka tsallake iyakar da dokar 1961 ta shata wa noma. Sai farin 1973 da 1974, sai na 1984 wanda mutanen Maraɗi suke kira El Buhari, suka share ciyawa suka kashe itatuwa.

Mariri dai a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauran ko guda a dajin duniya, sai a gidajen ajiye dabbobi. A 2016 ne aka ɗauko wasu a jirgin sama daga Abu Dabi aka sake su a Cadi. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma kuwa, a 1996 saura 49 kacal, dukansu a wajen Kure kusa da Yamai. Aka kula da su har suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko 8 a manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sauke su a Gadabeji, bayan kusan shekara 50 ba a ga sawunsu a can ba. Ɗan Baka yana cikin waɗanda abin bai yi wa daɗi duka ba. Ya sha faɗa a majalisa cewa an kawo raƙumin dawa a mota kamar amarya, shi kuwa ɗan Sarkin Baka ko zomo ya kama sai ya ɓoye a riga. Kada mai karatu ya ɗauka mutumin nan ya tsani farauta. Har gobe in ya ga sawun barewa hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Da safe uwargidansa tana tankaɗe ta tambaye shi:

"Malam, tanon nan naku tiya nawa yake ci?"

"Tiya 64."

"Mu kuwa 2 muke ci a yini. Sau nawa za a zuba?"

"Kowane mako, har wata 2."

Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Lissafin ba shi da wuya. Kowane zubi abincin gidan ne na wata guda. Zubi 8, abincin wata 8 ke nan a kan rairayi.

Hanya uku ce a gabansa, kuma ya kwana biyu yana juya su. Yana iya yin shiru, ya bar Alhaji ya yi ta zuba wa zabi gero, shi kuwa ya karɓi jika 90 da ladan kowace fita. Barewa ta tsira, gidansa ya ƙoshi, sai dai ya ci kuɗin mutum a kan abin da ya san ba ya aiki. Yana iya faɗa wa Alhaji abin da tsohonsa ya faɗa, aiki ya yi kyau, sunansa ya fito, barewa ta ƙare. Ko kuma ya janye hannunsa. Ta ukun ita ce mai tsada, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, shi kuwa jika 25 na ladan sun riga sun zama tuwo.

Ya shiga motar kasuwa ya yi tafiyar wajen kilomita 120 zuwa Maraɗi. Ya iske Alhaji a ƙofar shagonsa, suka gaisa, aka kawo ruwa.

"Alhaji, ranka shi daɗe, aiki ya ƙare, kuma za ya yi ƙarko yadda kake so. Amma ni ba ni shiga da shi daji."

"Kuɗin ne suka yi kaɗan, Malam?"

"A'a. Gero ba ya kawo barewa. In na yi shiru na ci kuɗinka, na cuce ka."

"To mi ka kawo ta?"

"Wannan na tsohona ne, ba nawa ba ne."

Alhaji ya ɓata rai. Ya ce barewa nawa za su kashe, in ta yi yawa biyu ko uku a shekara? Ya ce waɗanda suka zo daga ƙasashen waje da jerin motoci da shahuna suka kwashe tuje da barewa, wa ya hana su, sai shi ɗan ƙasa za a yi wa rowar daji? Maganar Alhaji ba ƙarya ba ce duka. A farkon shekarun 2000 an yi irin wannan farauta ta manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa a arewa da gabashin Nijar, jama'a kuma sun gani da idonsu. Sai dai barewa wata 6 take ɗaukar ciki ta haifi ɗa guda, dila kuma yana jiransa. Kuma ba a taɓa ganin motar da ta shiga daji da bindiga uku ta tsaya a kan biyu ba.

Alhajin ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ce abin da aka saya da kuɗinsa nasa ne, direba zai je ya kwaso gadon ƙarfe da tano da injin. Jika 25 kuma a mayar masa kafin ƙarshen wata. Da aka zo kan kwamin taya sai ya kaɗa hannu, ya ce su riƙe, wannan ba ya cikin hoton.

Babu abin sayarwa a gidan sai tunkiyar uwargida, wadda ta samu daga gidansu. Ɗan Baka ya roƙe ta aro, da alkawarin zai mayar mata da wata. Ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa masa, ba ta kalle shi ba.

A ƙauye magana ta rabu. Wasu suka ce ya yi halin gidansu. Wasu suka ce wauta ce, Allah ya aiko masa da abinci har bakin rijiya ya sa ƙafa ya shure, kuma ko ba shi Alhaji zai samu wani jagoran. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ya samu. A cikin bazarar makiyaya sun ba da labarin sun ga layin gero a kan rairayi arewa da Tarka, sau biyu ko uku, awakinsu suka bi shi suka lashe. Daga baya ba a ƙara gani ba.

Kwamin taya guda yana gida ana ba awaki dussa a ciki. Ɗayan Ɗan Baka ya ɗaure a amalanke, gefen tanon ruwansa, da kusoshi masu noti biyu kamar yadda ya koya wa mai walda. Da bazara ta yi tsanani, akwai shanun da ba su iya tashi su kai rijiya. Sai makiyayi ya aiko, ya kai musu ruwa da dussa har inda suke kwance, a biya shi da kuɗi ko da nono. Abin da yake samu bai kai ladan fita guda da Alhaji ba. Duk ranar da ya dawo daga arewa tsohonsa yana tambayarsa ko ya ga sawu. Sau ɗaya ya ce ya gani, na uku, biyu manya da ƙarami, sun bi gindin wata aduwa sun yi gabas. Tsohon ya tambayi ta ina iska take ran nan.

Tunkiyar uwargida dai har yanzu ba a mayar ba. An ce sai kaka.